Abin Da Annobar Korona Ta Yi Wa 'Ya'yanmu Da Malamansu A Jami'o'in Birtaniya



'Yan'uwa maza da mata, tun ranar 5 ga Mayu 2023 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta fita daga matsayin abin gaggawa na duniya, da yawa daga cikinmu muka naɗe tabarmar zancenta, muka ce Allah kada ya maimaita. To amma a gidajenmu na nan Birtaniya akwai yaran da suka yi digirinsu a tsakiyar annobar, akwai ƙannensu da ta rutsa da su a sakandare, akwai kuma iyayen da aikinsu a jami'a yake, wasu suna koyarwa, wasu suna gadi ko shara ko aikin ofis. Wannan bayani a kan abin da ya same su ne tsakanin 2020 da 2021, da kuma dalilin da ya sa takardar sakamakon da yaro ya kawo gida ba ta nuna wa iyaye komai game da halin da ya shiga ba.

Yadda abin ya faro

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 23 ga Maris 2020 ne Firayim Minista Boris Johnson ya kafa dokar kulle ta farko. Kafin ranar ma yawancin jami'o'i sun riga sun rufe ɗakunan lacca, sun ce kowa ya koma gida ya jira saƙo ta intanet. Aikin da a da za a ɗauki shekaru ana zaman kwamiti a kansa, wato mayar da karatu kan kwamfuta, cikin mako ɗaya ko biyu aka yi shi, kuma kowa ya san yadda aikin gaggawa yake fitowa.

Sai kuma rikicin A-level, jarrabawar da ita ce ƙofar shiga jami'a a Ingila. An soke ta a waccan shekara, hukumar Ofqual kuma ta ƙirƙiro wani lissafi na kwamfuta da zai ba kowane yaro maki, wanda ya dogara ƙwarai a kan sakamakon da makarantarsa ta saba samu a shekarun baya. Da sakamako ya fito ranar 13 ga Agusta 2020, kusan kashi 40 cikin ɗari na makin da malamai suka bayar an rage shi, kuma abin ya fi taɓa yaro mai ƙoƙari da ke makarantar gwamnati a unguwar talakawa, irin unguwannin da da yawanmu muke zaune. Bayan kwana huɗu ana zanga-zanga gwamnati ta janye, ta ce a koma kan makin malamai. Nan take yara dubbai da aka ce ba su samu gurbi ba suka zama sun samu, wasu jami'o'i suka cika suka batse, har wasu suna ba ɗalibi kuɗi don ya yarda ya jira shekara mai zuwa.

A watan Satumba aka ce ɗalibai su taho, za a haɗa karatun ido da ido da na intanet. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta UCU ta yi gargaɗi tun a Agusta cewa kwaso matasa sama da miliyan ɗaya daga ko'ina a zuba su a ɗakunan kwana zai yaɗa cutar, ba a saurare ta ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin jami'o'in ƙasar nan da kuɗin makaranta da kuɗin hayar ɗaki suke rayuwa. Ba a rufa mako uku ba cutar ta ɓarke a Gilasgo da Mancesta da Niyukasil. A jami'ar Manchester Metropolitan an umarci ɗalibai kimanin 1,700 su killace kansu a ɗakunansu na mako biyu, a Northumbria kuma 770 aka samu da cutar a farkon Oktoba. Yawancin waɗannan yara 'yan shekara 18 ne, wannan ne karo na farko da suka kwana a wajen gidan iyayensu, kuma mutanen da aka kulle su tare ba su fi kwana goma da sanin juna ba.

Ranar 5 ga Nuwamba 2020, ranar da kulle na biyu ya fara, ɗaliban Jami'ar Mancesta da ke zaune a Fallowfield suka wayi gari suka ga an kewaye gidajensu da shingen ƙarfe ba tare da an gaya musu ba. Da dare suka taru suka tumɓuke shi. Jami'ar ta ba da haƙuri, daga baya kuma bayan wasu ɗalibai sun mamaye wani bene sun ƙi fita, ta rage kashi 30 cikin ɗari na kuɗin hayar zangon farko. A Disamba aka ba ɗalibai mako ɗaya su koma gida hutu, a Janairu 2021 kuma kulle na uku ya zo, aka ce in ban da masu karatun likita da jinya da koyarwa da makamantansu kowa ya zauna inda yake. Masu kwasa-kwasan da ke buƙatar aikin hannu sun fara komawa ranar 8 ga Maris, sauran kuwa sai 17 ga Mayu, lokacin da shekarar karatu ta riga ta ƙare in ban da jarrabawa. Kuɗin makaranta dai bai ragu da ko sisi ba, fam 9,250 ga ɗan ƙasa a Ingila, ga hayar ɗakin da yaro bai kwana a ciki ba.

Me ya ɓata a karatun intanet?

A nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin na sha jin iyaye suna cewa ai lacca lacca ce, ko a aji ko a Zoom malami ɗaya ne, littafi ɗaya ne. Game da lacca kaɗai, maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Wasu ɗaliban ma sun fi jin daɗin laccar da aka naɗa, saboda suna iya tsayar da ita su maimaita, musamman wanda Turancin malamin yake yi masa sauri. To amma lacca ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da jami'a take ba mutum.

Ni injiniya ne, kuma a nan ƙasar na yi karatu, saboda haka bari in ba da misali da abin da na sani. Idan aka ba ɗalibin injiniyan lantarki manhajar kwaikwayo a kwamfuta ya haɗa da'ira, amsar da zai samu kullum tsaf take fitowa kamar yadda littafi ya ce. Ranar da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya haɗa ta da hannunsa, mita za ta nuna masa wani abu dabam, kuma sai ya yi awa biyu yana nema kafin ya gane cewa wata waya ce ba ta kama da kyau ba, ko kuma mitar ce kanta ba a saita ta ba. Wani lokaci hancinsa ne zai fara gaya masa, da ya ji ƙauri ya san wani abu ya ɗau zafi. Waɗannan awowi biyu su ne karatun. A cikinsu ne yake koyon kada ya yarda da lamba don kawai na'ura ce ta nuna ta, kuma wannan shi ne abin da kamfani yake biyan injiniya albashi a kansa. Jami'o'i sun yi iya ƙoƙarinsu, wasu sun aika wa ɗalibai ƙananan kayan gwaji ta gidan waya, wasu sun ɗauki hoton ma'aikacin ɗakin gwaji yana yin aikin suka tura musu lambobin su yi lissafi. Gani ya kori ji, amma shi ma ganin bai kai taɓawa ba. Haka abin yake ga mai karanta haɗa magunguna da mai zanen gine-gine. Ga kuma shekarar sanin makamar aiki a kamfani, wadda aka soke wa da yawa, alhali ta nan ne yaranmu da ba su da kawu a kamfanonin Turawa suke samun aikinsu na farko.

Abu na biyu da ya ɓata shi ne abokin zama. Rabin abin da ɗalibi ya gane, a bakin ƙofar aji ya gane shi, lokacin da ya juya ya tambayi na kusa da shi, kai ka fahimci abin da mutumin nan ya faɗa? Idan shi ma ya ce bai gane ba, hankalinsa ya kwanta, ya san ba shi kaɗai ne daƙiƙi ba. A intanet babu bakin ƙofa. Ana rufe lacca allo ya yi duhu, yaro ya rage shi kaɗai da tunanin cewa kowa ya gane sai shi.

Na uku kuwa gidajenmu ne. Hukumar kula da jami'o'in Ingila, wato OfS, ta yi bincike ta fitar a Satumba 2020, inda kashi 52 cikin ɗari na ɗalibai suka ce rashin ƙarfin intanet ya taɓa karatunsu, kashi 71 suka ce ba su da wurin da babu hayaniya, kashi 18 kuma matsalar kwamfuta ce ta dame su. Duk wanda ya san gidan Bahaushe a Landan ko Bamingam ya san inda muka faɗa a wannan lissafi. Ɗaki biyu ko uku, yara huɗu ko biyar kowa da darasinsa a lokaci guda, ga talabijin, ga waya daga gida ana gaisuwa da ƙarfi. 'Ya mace kuwa nata ya fi yawa, domin da zarar an gan ta a gida an ɗauka hutu take yi, wance zo ki ɗora tukunya, wance zo ki duba ƙaninki, ba a san tana tsakiyar jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci ba.

Maki ya hau

Ga abin mamakin. A shekarar karatu ta 2018/19, kafin annoba, kashi 28 cikin ɗari na masu kammala digiri a Birtaniya ne suka fita da daraja ta ɗaya. A 2019/20 ya zama kashi 35, a 2020/21 kuma 36. Yara ba su ƙara basira a cikin kulle ba. Abin da ya faru shi ne yawancin jami'o'i sun kafa ƙa'idar cewa annoba ba za ta ja makin ɗalibi ƙasa da matsayin da yake kafin ta zo ba, an kuma mayar da jarrabawa ta zama a gida, littafi a buɗe, wani lokaci ma a ba ka awa 24 ko 48. A ganina an kyauta, don zalunci ne a auna yaron da ke rubutu a kan teburin kicin da ma'aunin da aka saba. Amma sakamakon haka shi ne ma'aunin da mu iyaye muka fi dogara da shi ya daina aiki. Uba ya ga maki mai kyau ya ce alhamdulillahi yaro yana lafiya, alhali a wannan shekara ta 2021 binciken da cibiyar HEPI take yi duk shekara ya nuna kashi 44 cikin ɗari na ɗalibai suna ganin abin da suka samu bai kai kuɗin da suka biya ba, kuma kusan uku cikin kowane goma sun yi tunanin barin karatun gaba ɗaya. Da aka koma zauren jarrabawa adadin masu daraja ta ɗaya ya sake sauka.

Lafiyar zuciya

Ofishin ƙididdiga na ƙasa, ONS, ya riƙa tambayar ɗalibai a kai a kai. A Nuwamba 2020 kashi 57 cikin ɗari suka ce lafiyar ƙwaƙwalwarsu da kwanciyar hankalinsu sun taɓarɓare tun farkon zango, zuwa Janairu 2021 ya kai kashi 63. Kimanin ɗaya cikin huɗu ya ce kullum ko kusan kullum yana cikin kaɗaici, adadin da ya ninka na sauran manyan ƙasar kamar sau uku. Wato matasan da cutar ba ta cika kashewa ba su ne kullen ya fi ci.

Mu kuma muna da namu ƙarin. Masallatai a rufe suke a azumin 2020, wanda ya fara a ƙarshen Afrilu daidai lokacin jarrabawa, babu tarawihi, babu buɗa-baki na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda ga yaranmu da yawa ita ce dangi a jami'a. Sallar Juma'a a ɗakin salla na makaranta nan ne sabon ɗalibi yake fara samun wanda zai ce masa daga ina kake. 'Yan ajin 2020 ba su samu wannan ba. Ga fargaba, domin rahoton hukumar lafiyar jama'a ta Ingila na Yuni 2020 ya tabbatar da cewa cutar ta fi kashe baƙaƙen fata da 'yan Asiya, kuma iyaye da yawa direbobi ne ko ma'aikatan asibiti da gidajen kula da tsofaffi, kullum suna waje. Ga rasuwa a gida, kaka ko baffa, ba halin zuwa jana'iza, ta'aziyya sai ta waya.

Matsalar ita ce ba mu da al'adar tambayar wannan. Gaisuwarmu ta riga ta zo da amsarta. Ya karatu? Alhamdulillahi. Ya sanyi? Da sauƙi. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai ce wa mahaifinsa Baba ba na iya barci ba, musamman in ya san irin wahalar da ake sha a kansa. Idan ma ya faɗa, sau da yawa abin da zai ji shi ne ka yawaita addu'a, ka gode wa Allah, 'yan'uwanka a gida wata tara suna zaune. Kuma gaskiya ne, jami'o'in gwamnati a Nijeriya sun haɗa kulle da yajin aikin ASUU daga Maris har zuwa 23 ga Disamba 2020. Amma wahalar wani ba ta warkar da ciwon wani. Addu'a wajibi ce, kuma wanda ya karye a ƙafa ma yana yin ta, sannan a kai shi wurin mai ɗori. Ciwon damuwa yana da alamominsa, barci ya rikice, dare ya zama rana, cin abinci ya canja, wanka da salla su fara nauyi, yaro ya daina ɗaukar waya sai dai ya turo saƙo. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to a shekarar korona fuskar ce aka rasa. Malami yana magana da baƙaƙen akwatuna a allo saboda kowa ya kashe kyamara, mu kuma muna jin murya kawai.

Waɗanda suka zo daga gida

Ɗaliban da suka zo da biza daga Nijeriya ko Gana ko Sudan sun fi kowa jin jiki. Kuɗin makarantarsu ya ninka na ɗan ƙasa, bizarsu ta hana su taimakon gwamnati, aikin awa 20 a mako da aka yarje musu kuma a gidajen abinci da kantuna yake, waɗanda aka rufe. Nijeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje daga Maris har farkon Satumba 2020, ga darajar Naira da aka karya sau biyu a shekarar, saboda haka ba komawa, ba kuma isasshen aike. A gabashin Landan an ga layin ɗaliban ƙasashen waje a wuraren rabon abinci kyauta, masu digiri na biyu a cikinsu. Ko a Disamba 2021 da aka ɗauka an gama, sai Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta kira masu haɗari saboda nau'in Omicron, duk wanda ya shigo sai ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. Kwana tara kawai dokar ta yi aka janye ta, amma ta rutsa da waɗanda ta rutsa da su.

Malamai da ma'aikata

Ɗalibai da iyaye sun yi ta fushi da malamai, wasu na cewa suna gida suna karɓar albashi. Wanda ya ga aikin daga ciki ba zai faɗi haka ba. Laccar awa ɗaya da malami ya saba bayarwa a tsaye, naɗarta da gyara ta da ɗora ta yakan ci yini. A zangon Satumba 2020 da yawa sun koyar da darasi ɗaya sau biyu ko uku, na aji da takunkumi a fuska ga rukuni ƙanana, da na intanet ga waɗanda ke killace ko suke wata ƙasa. A kulle na farko da na uku makarantun yara a rufe suke, saboda haka malama tana lacca ɗanta yana jan zanenta, kuma an lura a lokacin cewa rubuce-rubucen bincike da mata suke aikawa mujallu sun ja baya idan aka gwada da na maza. Sannan duk yaron da ya shiga damuwa, malaminsa yake fara rubuta wa da tsakar dare, mutumin da lissafi ko kimiyya ya karanta, ba a koya masa yadda ake rarrashin mai tunanin kashe kansa ba. Wani bincike da ƙungiyar Education Support ta wallafa a 2021 kan ma'aikatan jami'a kimanin dubu biyu ya samu fiye da rabinsu da alamomin ciwon damuwa.

Masu kwantiragin wucin gadi, waɗanda su ne ke ɗauke da kaso mai yawa na koyarwa, da yawansu ba a sabunta musu ba. Masu shara da masu gadi da masu dafa abinci kuwa, inda 'yan Afirka suka fi yawa, ba su da aikin da za a yi daga gida. Su ne suka riƙa shiga benayen da aka killace masu cutar suna kai abinci suna kwashe shara.

Gajiyar nan ba ta tafi a banza ba, ta haɗu da tsohuwar rigimar albashi da fansho ta zama yajin aiki a 2021 da 2022, sannan a 2023 malamai suka ƙi duba takardun jarrabawa na tsawon watanni. Ku duba lissafin yaron da ya shiga jami'a a Satumba 2020. An soke masa A-level, shekararsa ta farko a kulle, shekararsa ta ƙarshe kuma wasunsu sun sa rigar yaye ba tare da an san darajar digirinsu ba. Dubban ɗalibai sun haɗu sun kai ƙarar jami'ar UCL Babbar Kotu a Landan suna neman a mayar musu da wani abu daga kuɗinsu.

Abin da ya kamata iyaye su sani yanzu

Wasu abubuwan sun zauna. Naɗar lacca ta zama ruwan dare, kuma malamai suna kukan cewa ɗalibai ba sa cika aji kamar da, ga tsadar rayuwa da ta sa fiye da rabinsu suke aiki a lokacin karatu tun 2023. Ma'ana yaro yana iya yin mako uku bai fita daga ɗakinsa ba, yana kallon lacca a gado, ba wanda ya lura. Don haka maimakon ya karatu, a tambaye shi da wa ya ci abinci jiya, wane ne abokinsa a aji, yaushe rabonsa da ganin malamin da aka ɗora wa kula da shi.

Kowace jami'a tana da hanyar gabatar da uzuri idan rashin lafiya ko rasuwa ta taɓa karatun ɗalibi, a ƙara masa lokaci ko a ba shi damar sake jarrabawa ba tare da an rage masa maki ba, amma akasari sai an nema a kan lokaci, yaranmu kuma kunya takan sa su yi shiru har sai sun faɗi. Akwai asusun taimakon ɗaliban da suka shiga matsin kuɗi, akwai masu ba da shawara kyauta. Ya kamata yaro ya yi rajista da likita a garin da yake karatu tun makon farko, kada ya bari sai ciwo ya zo. Wanda kuma yake ganin jami'a ta zalunce shi a Ingila ko Wales, bayan ya bi matakan ƙorafi na cikin gida yana da wata 12 ya kai kuka ofishin OIA, kuma ba a biyan komai.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba iyayenmu mamaki. A dokar ƙasar nan ɗan shekara 18 babba ne, jami'a ba za ta buga maka waya ta ce ɗanka ya daina zuwa aji ko yana ganin likita ba, ko da kai kake biyan kuɗin. Jami'ar Biristol ce ta yi fice wajen sauya wannan a 2018, inda ta ba ɗalibi zaɓin rubuta sunan wanda ya amince a kira idan an ga yana cikin haɗari, a 2022 kuma ƙungiyar shugabannin jami'o'in ƙasar ta shawarci sauran su bi sahu. Ana cike wannan gurbi ne lokacin rajistar kowace shekara. A tambayi yaro ko ya cike, kuma idan ya ce sunan yayarsa ko gwaggonsa ya sa maimakon na Baba, a bar shi haka.